Allurar mitar 504 ɗin Baba tana rawa, an zuba mata mai ta haukace

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar manya nake nema. Peugeot 504 ce ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ƙirar 1981, haɗin Kaduna. Da aka zo rabon gado kowa ya kauce mata, ni na ce a sa min ita a kasona. Inji lafiya, giya lafiya, ranar Juma'a ma da ita na kai Hajiya Kurna.

Matsalar mitar gudu ce. Tun shigowar hunturu allurar take rawa, in ina kan 60 sai ta riƙa kai-komo tsakanin 50 da 70. Ga wata ƙara a bayan dashbod da sassafe, ƙii-ƙii kamar ɓera ya shiga rumbu, in rana ta ɗaga sai ta ragu. Na kai garejin unguwarmu, ogan ba ya nan, yaronsa ya kwance kebul ɗin da ke zuwa mita daga giyabos ta sama ya ɗura masa baƙin mai da sirinji har ya cika. Kwana biyu ƙarar ta ɗauke, na ce alhamdu lillahi. Yau na fito daga gida, ban kai Ƙofar Na'isa ba allura ta nuna 140, alhali mai Adaidaita Sahu yana wuce ni. In na tsaya kuma sai ta sauko a hankali kamar mai jin barci. Ta mutu ke nan?

Autan Hajiya:
Yaya, 140 a 504? Ka yi mata hoto ka ajiye don tarihi 😂

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ba ta mutu ba, amma an yi maka gyaran gangar Auzinawa. Kafin komai, yau ɗin nan ka sa hannu bayan mitar ka kwance kebul ɗin, ka naɗe bakinsa da leda ka ɗaure. Duk tafiyar da ka ƙara yi a haka, ƙarin mai kake tura wa mita.

Wayar da ke cikin kebul ba santala ba ce, murɗaɗɗiya ce kamar igiyar guga. In tana juyawa sai ta riƙa ɗibar mai tana haurawa da shi sama. Shi yaron ya zuba ne yana tunanin zai gangara ƙasa, ita kuma waya ta kwaso shi ta kai shi cikin kan mita, inda ba a son ko ɗigo.

Mai Kayan Peugeot:
Kada ka wahalar da kanka ɗan'uwa. Ka shigo Ƙofar Ruwa, akwai dashbod ɗin 504 sukutum, a cire wancan a sa wannan, minti 30 an gama. In ka shigo ka yi min magana ta akwati.

Ɗan Gwale:
Na gode Alhaji, amma ita wannan nake so. Lambar kilomitar da ke jikinta tafiyar Baba ce, Zariya da Kaduna da Gusau duk suna ciki. In na sa ta wata mota kamar na goge masa sawu ne.

Baba Direba:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Ni dai shekara 22 na yi ina jan 504 doguwa tsakanin Kano da Kaduna, kuma in gaya maka gaskiya, rabin motocin tasha babu mai mita a cikinsu. In kebul ya tsinke shi ke nan, ba mai waiwayarsa. Da kunne muke sanin gudu. Inji yana da muryarsa a 80, yana da muryarsa a 100, sitiyari ma yana gaya maka. Ban hana ka gyara ba, amma kada ya hana ka barci.

Autan Hajiya:
Ni ma abin da zan ce ke nan. Wayarka tana da GPS, ka maƙala ta a gilashi ta nuna maka gudu daidai. Wa yake ta mita a wannan zamanin?

Malamin Kimiyya:
Baba Direba, Allah ya ƙara girma, kunnenku ba irin namu ba ne. Mu da muka koyi tuƙi jiya in babu allura sai mu wuce 100 a hanyar Zariya ba mu sani ba, kuma 100 ɗin ce iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta sa wa ƙananan motoci a tagwayen hanya.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ke cikin mitar, don a ga dalilin 140 ɗin nan. Mutane da yawa sun ɗauka kebul ne yake riƙe da allura yana juya ta. Ba haka ba ne, ba sa ma taɓa juna. Kebul yana juya maganaɗisu ne. A kan maganaɗisun an kifa wani ɗan kofi na alminiyam, mara nauyi, da 'yar tazara a tsakaninsu wadda iska kaɗai ke ciki. Maganaɗisu ba ya kama alminiyam, kowa ya sani, amma in yana juyawa kusa da shi yakan haifar da wata 'yar lantarki a jikin kofin, ita kuma ta sa kofin ya so bin sa. Allura tana kan sandar kofin nan. Sai aka sa wani siririn sifirin kamar gashi yana riƙe kofin baya. Gudu ya ƙaru, jan ya ƙaru, allura ta haura. Gudu ya ragu, sifirin ya dawo da ita. Wani Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara a 1902, kuma da ita aka yi ta tafiya har zuwan mitocin lantarki.

To ku duba. Ƙarfin da ke motsa allurar nan bai kai na numfashi ba. Sai ga baƙin mai ya cike tazarar da ke tsakanin maganaɗisu da kofi. Yanzu mai ne yake jan kofin, ba maganaɗisu ba. Shi ya sa take tsalle zuwa 140, shi ya sa kuma take saukowa da nawa, sifirin yana fama da danƙon mai.

Ɗan Gwale:
Malam, wallahi yau na fahimta. To ita rawar ta farko fa, kafin a zuba man?

Tsohon Bakanike:
Wannan kuma kebul ne, kashi tara cikin goma. Giris ɗin da ke ciki ya shekara nawa? Ya bushe ya zama kamar ƙanzo. Waya ta ɗan maƙale, giyabos yana ci gaba da murɗa ta daga ƙasa, ta ƙulle, ta kufce gaba ɗaya. Maƙalewa allura ta faɗi, kufcewa ta yi tsalle. Da sanyin safiya busasshen giris ya fi tauri, shi ya sa ƙarar take raguwa in gari ya ɗumama.

Ga yadda muke yi. Ka kwance ta sama, ka kama bakin wayar mai kusurwa huɗu ka zaro ta gaba ɗaya. In ta ƙi zaruwa kada ka fizga, ka kwance ta wajen giyabos, wataƙila ta can take fita, ko kuma ta tsinke a ciki. Ka wanke ta tas da kananzir. Sannan ka shimfiɗa ta a kan siminti mai santsi ka mirgina ta da tafin hannu. Lafiyayya za ta mirgina lumui. In ka ga wani wuri yana ɗagawa yana dukan ƙasa, ta lanƙwashe, kuma ba ta miƙuwa, ko wa ya ce maka zai miƙar kada ka yarda. Ka bi jikinta da tsumma, in tsumman ya sarƙe a wani wuri to silin waya ya fara tsinkewa, ita ma sai sabuwa.

Rigar kebul ɗin, tunda an cika ta da baƙin mai, dole a cire ta daga motar a zuba kananzir ya bi ta ciki har sai ya fito fari, a rataye ta ta tsane. In an zo mayarwa, giris kaɗan a yatsa biyu, a shafa wa wayar sama-sama tun daga ƙasa. Na sama, kamar taƙi guda, a bar shi a bushe. Da kansa zai samu rabonsa in ta fara juyawa.

Mai Agogo:
Oga, da girmanka, a nan zan saɓa maka. Giris a Kano? Garin da ƙura take shiga har cikin agogon hannu mai murfi biyu? Giris da ƙurar hunturu in sun haɗu sun zama sanfefa. Ni garin bakin fensir nake sa wa irin wannan, akwai ma na gwangwani da ake sayarwa don makullai. Yana da santsi, ba ya kama ƙura, ba ya daskarewa da sanyi, ba ya narkewa da zafin bazara.

Tsohon Bakanike:
Malam Mai Agogo, in ƙura tana shiga cikin kebul to rigarsa ta yage, kuma yagaggiyar riga ba maganar mai ake yi ba, maganar sabuwa ake yi. Lafiyayyen kebul a rufe yake sama da ƙasa. Ni tun ina yaron gareji giris muke sawa, kuma motocin da na yi wa sun shekara goma ba su dawo da wannan matsalar ba. Garin fensir ɗinka in damina ta zo, ruwa ya ɗan shiga ta ƙasa, me zai hana wayar tsatsa?

Mai Agogo:
Giris ɗin da kuka sani a da daban. Wanda yara suke ɗebowa yanzu daga buɗaɗɗen gwangwani a ƙasan gareji, rabinsa yashi ne.

Tsohon Bakanike:
To wannan laifin gwangwani ne, ba na giris ba.

Malamin Kimiyya:
Ni a ganina ku biyun kuna da gaskiya, kuma dukansu ana amfani da su. Abin da zan ƙara kawai, shi ma garin fensir in aka yi masa yawa zai hau sama kamar yadda mai ya hau, ya baƙanta fuskar mita. Kuma giris ɗin ba mai kauri irin na bodin ɗin taya ba, mai laushi ake so, farin nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne man fesawa na gwangwani da ake kwance noti mai tsatsa da shi. Don wanki yana da kyau, amma sati kaɗan ya bushe ya bar waya tsirara.

Baba Direba:
Mu a tasha man giya muke ɗigawa.

Tsohon Bakanike:
Shi ya sa rabin motocinku babu mita, Baba 😄

Baba Direba:
Kai yaro, Allah ya shirye ka. Na karɓa.

Ɗan Gwale:
Na kwance kebul kamar yadda Oga ya ce. Bakin mitar jage-jage yake da mai, har ya ɗiga min a hannun riga. Shi kan mitar yaya zan yi da shi? In fesa masa fetur ta ramin?

Mai Agogo:
A'a! Don Allah kada ka fara. Garin neman gira za ka rasa ido. Fetur zai wanke fentin lambobi, ya dusashe robar gaba, ya kuma kai baƙin man inda bai riga ya kai ba.

Wannan aikinmu ne, don mita agogo ce da aka sa wa kebul. Ta 504 galibi za ka ga an rubuta Jaeger ko Veglia a fuskarta, na Volkswagen da Mercedes VDO, na motocin Ingila irin su Land Rover Smiths, amma cikinsu kusan ɗaya ne. Ana fito da injin mitar daga gidansa, a kife shi a kan tsumma mai tsabta yadda allura ba za ta taɓa komai ba. Da auduga a tsinke da sifirit ake bin kofin da maganaɗisun, a hankali, a sake auduga, a sake, har ta daina baƙi. Akwai haƙuri a ciki, yakan ci min yini guda.

Abu uku ba na taɓawa sai dole. Sifirin ɗin gashi, don in zagayensa biyu suka manne ko ya ɗan lanƙwashe, mitar ta bar faɗin gaskiya har abada. In mai ya same shi, ɗigon sifirit ake sa masa ya bushe da kansa, ba a goga. Sai allura, ba na cire ta in ba tilas ba, in kuwa zan cire sai na yi alama a jikin kofin daidai inda take, don a mayar da ita mazauninta. Sai fuskar lambobi, ko yatsa ba na sawa, tsohon fenti yana ɗaukar shatin hannu kuma ba ya gogewa.

Wurin da yake son mai a kan mita guda ne: bushin tagulla da sandar maganaɗisu take juyawa a ciki, nan inda kebul yake shiga. Ɗigo ɗaya, in ya yi yawa biyu, na mai marar kauri. Wasu tsofaffin mitoci ma suna da ɗan rami a gefen wuyan da aka toshe da tagulla, da ɗan ƙyalle a ciki mai riƙe mai, nan ake ɗigawa. Ka juya sandar da yatsa, in tana tafiya sumul to ya isa. Ƙananan haƙoran da ke juya lambar kilomita kuma, farin giris a bakin tsinken sakace. Tsinin sandar allura kuwa, in za a sa masa, man agogo ne a bakin allurar ɗinki, abin da ido da ƙyar yake gani.

Maman Ilham:
Sallama gare ku. Ni tela ce, ina bin zauren nan ne saboda Beetle ɗin maigidana da ke ajiye a gida. Malam Mai Agogo, man keken ɗinki zai yi a wurin bushin? Don shi muke da shi, kuma mu ma ƙa'idarmu ke nan, ɗigo ɗaya a kowane rami, in ka cika sai ya ɓata wa mutane shadda.

Mai Agogo:
Hajiya, shi ne ma daidai. Ke kin riga kin san aikin, da ke aka kai wa motar nan da ba a kai ga haka ba.

Maman Ilham:
To ita tamu allurar ba ta motsi ko kaɗan. Wani ya shiga ƙarƙashinta ya duba wajen giyabos ya ce shi bai ma ga kebul ba.

Tsohon Bakanike:
Ba zai gani ba Hajiya, ba a nan yake ba. Beetle injinta da giyarta a baya suke, sai aka ɗauko mitarta daga tayar gaba ta hagu. Kebul ɗin yana ratsa tsakiyar sandar da tayar take juyawa a kai, bakinsa ya leƙo ta wani ɗan rami mai kusurwa huɗu a murfin giris, a riƙe shi da ɗan kilif. A cire wil-kaf a duba. Sau da yawa kilif ɗin ne ya faɗi, ko ramin ya cinye ya zama zagaye, ko kuma an canza bodin an sa murfin da ba shi da rami. Gyaran da bai kai kuɗin cefane ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a a riƙa buɗe sabon zance in mota daban ce, don masu nema daga baya. Hajiya ba da ke nake ba, na gaba nake ja wa kunne.

Mai Kayan Peugeot:
Tunda za ka buɗe ta, ɗan'uwa, ka sa a rage lambar mana. In ka tashi sayarwa za ta fi daraja.

Ɗan Gwale:
Alhaji ai na ce ba ta sayarwa ba ce.

Malamin Kimiyya:
Ko ta sayarwa ce, wannan algus ne. Hadisin yana nan a Muslim, wanda ya yi mana ha'inci ba ya cikinmu. Bambancinsa da jiƙa hatsi kafin a auna mene ne?

Mai Kayan Peugeot:
Wasa nake yi Malam. Kuma wa yake duba lambar 504? Mai gida biyar ce, in ta kai 99,999 sai ta koma sifili. Wadda ka gani da 40,000 wataƙila zagayenta na huɗu ke nan.

Baba Direba:
Wannan gaskiya ne. Tawa sau uku ta juya a hannuna kafin kebul ya tsinke, daga nan na bar lissafi.

Ɗan Gwale:
Ina dawo da rahoto bayan kwana tara. Na kai wa wani mai gyaran agogo kan mitar tare da bayanin Malam Mai Agogo a waya, ya wanke shi. Kafin mu mayar, Oga ya ba ni shawara ta akwati mu gwada da injin huji: muka ɗaura guntun tsohuwar waya a bakinsa, muka juya a hankali. Da farko allura ba ta motsa ba, sai da muka mayar da injin baya sannan ta tashi, ta tsaya cak babu rawa. Wayar kebul kuwa da na mirgina ta a siminti, wuri ɗaya tana dukan ƙasa, don haka na sayi sabon kebul. Giris na sa, Malam Mai Agogo ka yi haƙuri.

Kwana huɗu lafiya lau. Jiya kuma na ga ta fara 'yar rawa a 80. Na sa hannu a baya, sai na ji danshin mai a bakin kebul. Wallahi ban zuba komai ba, kuma taƙi guda na bari a bushe kamar yadda aka ce.

Mai Agogo:
Ga irinta nan. Giris ya ji zafi ya narke.

Tsohon Bakanike:
Giris ɗin yatsa biyu ba zai haura ya jiƙa hannu a kwana huɗu ba, ana tsakiyar sanyi. Ɗan Gwale, man da ka taɓa, fari ne mai kauri ko ruwa-ruwa?

Ɗan Gwale:
Ruwa-ruwa ne Oga, kalar zuma.

Tsohon Bakanike:
To daga giyabos yake. Inda kebul yake shiga giyabos akwai ƙaramar giya a cikin wani gida, da sil na roba da ke hana mai bin waya. Roba ta shekara 40, ta bushe ta tsage. Tsohon kebul ɗinka busasshen giris ya toshe shi, shi ya sa man bai samu hanya ba. Yanzu ka ba shi sabuwar hanya mai tsabta, sai ya kama hawa. Ka sake kwance kebul daga mita yanzu. A hau rami, a zaro gidan giyar, a canza sil ɗin da zoben robar da ke wajensa. Ka je da tsohon a hannu wajen saye, kada ka yi aike. A duba kuma ko an cika wa giyabos mai fiye da ƙima, da 'yar hanyar numfashinsa ko ta toshe da laka, don in ta toshe, zafi zai sa man ya nemi mafita ta ko'ina.

Tunda kana ƙarƙashi, ka bi hanyar kebul da ido. Kada ya yi lanƙwasa mai tsanani, kada ya kwanta kusa da salansa, kada a ɗaure shi tamau da waya. Sannan ka gwada tsawon sabuwar wayar da tsohuwa. In bakin da ke shiga mita ya fi na da tsawo ko da kaɗan ne, in ka ɗaure noti zai riƙa tura sandar maganaɗisu ciki har ta goga kofi. Na ga mita fiye da ɗaya da sabon kebul ya kashe ta haka.

Mai Agogo:
Na janye, Oga. Amma a sake leƙa kan mitar kafin a mayar, in man ya kai kofi sai an sake wanki.

Ɗan Gwale:
An yi duka. Sil ɗin da muka ciro ya ƙandare kamar busasshiyar ganda, yana taɓuwa ya rabe biyu. Man bai kai kofi ba, Allah ya taimake ni. Yau na je Wudil na dawo, allura tsaye kyam. Sai dai na bi shawarar Auta na kunna GPS: mita tana 100, waya tana cewa 91 ko 92. Mai agogon ne ya ɓata saitin?

Autan Hajiya:
Ka gani ko Yaya? Duk wannan wahalar, ƙarshe dai wayar ce alƙali 😂

Malamin Kimiyya:
Kafin a zargi bawan Allah, karanto mana abin da aka rubuta a gefen tayarka ta baya.

Ɗan Gwale:
185/65 R14.

Malamin Kimiyya:
Ga ɓarawon nan. Mita ba ta san hanya ba, juyin taya kawai take ƙirgawa. Tayar da aka saba sa wa 504 salun ita ce 175 R14, mai dogon gefe, tsayinta daga ƙasa zuwa sama wajen milimita 635. Juyi ɗaya kusan milimita 2,000 ke nan, wato wajen juyi 500 a kilomita. Taka ta fi faɗi amma ta fi gajarta: inci 14 na wil milimita 356 ne, gefe biyu kowanne kashi 65 cikin 100 na 185, wato 120 sau biyu, jimla 596. Ita sai ta yi juyi 534 kafin ta cinye kilomita. Bambancin ya kusa kashi 7 cikin 100. Don haka in mita ta ce 100, tayar kaɗai ta mayar da kai wajen 94. Ragowar biyu ko ukun kuma, masu ƙera mota da gangan suke sa mita ta ɗan yi sama, gara ta ce ka fi gudu da ta ce ba ka kai ba.

Lambar kilomitar ma haka take ƙaruwa, duk 100 da ka yi za ta rubuta maka kusan 107.

Baba Direba:
Mu da muka fara tuƙi kafin a koma hannun dama a 1972, motocin Ingila mil suke nunawa. Na taɓa ganin yaro ya hau tsohuwar Land Rover yana cewa ai 60 kawai yake yi, bai san ya kusa 100 ba. Ƙarya takwas a ɗari ai da sauƙi, ɗana. Ka bar ta haka, ta fi maka lafiya.

Mai Agogo:
In maganaɗisu ne ya yi rauni da tsufa, ƙasa take nunawa, ba sama ba. In allura ce aka mayar a karkace, kuskuren zai zama iri ɗaya a kowane gudu. Ka gwada a 50. In waya ta ce 46, taya ce, ka wanke ɗan'uwana mai agogo. In ta ce 41 ko 42, ka mayar masa.

Ɗan Gwale:
Na gwada a titin BUK da dare, 50 ta ba ni 46. Gobe zan biya in ba shi haƙuri, don har na fara yi masa ƙorafi a waya. Tayoyin nan kuma ba su jima ba, sai sun cinye zan nemi masu dogon gefen.

Oga, saura tambaya ɗaya. Duk yaushe zan riƙa zaro wayar ina shafa mata?

Tsohon Bakanike:
Ba kowane sabis ba. Shekara biyu ko uku, ko ranar da ka ji ɓeran nan ya dawo. Motar da take yawan zama a ajiye ta fi saurin bushewa, don haka ka riƙa fita da ita ko sau ɗaya a sati. Kuma ka turo min yaron nan mai sirinji, ina da magana da shi.

Maman Ilham:
Shugaba a yi min afuwa, rahoto ne ba sabon zance ba. An cire wil-kaf. Kilif ɗin ne babu.